Sayen MP a Sabon Gari: a fara gwada halin da kaset yake da shi

Wanda ya ratsa layukan masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ko ya gangara Titin Beirut wurin 'yan waya, zai ga wasu 'yan akwatuna jere a kan tebura, wasu girman sabulun wanka, wasu ba su wuce kwalin ashana ba. MP ake ce musu. A zura memori ko filashi, a danna, sauti ya tashi. Su ne abokan hirar tela da mai shayi da mai wankin hula, su kuma ake saya wa tsofaffi da ɗaliban hadda.

A ƙasashen Turawa wannan na'ura ta yi zamaninta. Sony ya fito da Walkman mai kaset a 1979. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci samar da tsarin MP3, wanda ke matse sauti ya ragu kusan sau goma. A 1998 wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fitar da MPMan, Apple ya biyo da iPod a 2001, sannan ya daina ƙera shi a 2022 domin waya ta haɗiye aikinsa. A Kano kuwa har yanzu kasuwarta na ci. Wuta ba kullum ba, don haka cajin waya na kira ne da tura kuɗi. Data tana da tsada. Mai fito da babbar waya a bakin titi yana tunanin masu ƙwace. Uban da ke son ɗansa ya ji karatun Husari ba lallai ne ya so damƙa masa intanet ba.

Sai dai masu ƙera waɗannan na'urori waƙar minti uku ko huɗu suke hange, mu kuwa abin saurarenmu dogo ne. Zaman tafsirin marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam ko na Shaikh Nasiru Kabara yakan haura awa guda. Shata da Ɗanƙwairo ba sa gaggawar sauka. Haka littattafan Hausa da ake karantawa a naɗa. A zamanin da Ƙofar Wambai ke cike da masu kaset, wannan bai zama matsala ba: inda ka tsayar da kaset, nan za ka same shi gobe, ko da batir ya mutu. MP da yawa masu araha ba su da wannan hali. Ka kashe don sallar La'asar, ka dawo, malam ya koma kan basmala.

To, gwajin farko ke nan, kuma a gaban mai shago ake yin sa. Tafi da memorinka mai dogon karatu. Kunna, bari ya yi nisa, kashe na'urar gaba ɗaya, sake kunnawa. In ta ɗora daga inda ta tsaya, ta ci rabin jarrabawa. Sai a duba ko tana iya gusawa gaba ko baya a cikin karatu ɗaya, ba tsallakawa zuwa na gaba kawai ba. Mai neman surori 114 ya nemi mai maɓallan lamba da ɗan allo, ya danna 36 ya sami Yasin, muddin an jera surorin bisa tsari, maimakon ya yi ta latsawa sau 35.

Gwaji na biyu na memori ne, kuma a nan aka fi cutar mutane. Lissafin mai sauƙi ne: a matsakaicin ingancin MP3, minti ɗaya yana cin kusan MB 1. Ke nan memori mai GB 8 na gaskiya zai ɗauki kimanin awa 130, ya isa tafsirin azumi guda da saukar Alƙur'ani har da ragowar wurin waƙoƙi. Jabun memori kuwa ana rubuta masa GB 32 ko 64, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai kai ba. Zai karɓi duk abin da mai turi ya zuba masa, sai an je gida a ga sunaye na nan amma wasu sun ƙi buɗewa. Maganinsa a cika shi, a kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin a bar wurin. A kuma sani cewa ƙananan MP da yawa ba sa karanta memorin da ya wuce GB 32. Ƙarami na gaske ya fi babba na bogi.

Na uku batir. Lambobin da ake bugawa a jikin kwali ba abin dogaro ba ne. Abin tambaya shi ne: ana cire shi? Mai amfani da BL-5C, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, ko dogon batirin nan 18650 na fitilun caji, in ya gaji sai a sayi wani a nan cikin kasuwa. Wanda aka manne batirinsa a ciki kuwa, ranar da ya kumbura sai a kai wa mai gyara ko a jefar. Fitilu masu walƙiya da ake burge yara da su caji kawai suke sha.

Saura ƙara. Kasuwa wuri ne mai hayaniya, shi ya sa mai sayarwa ke ƙure murya don ya nuna ƙarfin kayansa. Kai kuma ka ce ya rage, ka saurari muryar mutum: shin sin da sad suna fita daban, ko sifikar na karkarwa? Mai sa abin kunne ya tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba desibel 80 na awa 40 a mako, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. In akwai FM a ciki, a kamo Freedom ko Rediyon Kano a ji ko tana kamawa ba tare da shuu ba.

Ban da cika memori, duk wannan bai wuce minti goma ba. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa zai ba ka kujera, har ya miƙo maka wayar caji. Wanda ya fara cewa layi ya yi yawa, ka yi masa fatan ciniki, ka matsa tebur na gaba.