Mintuna Biyar na Ƙarshen Darasi: Nazari kan Bitar Karatu a Firamaren Birniwa

A 'yan shekarun nan, bita a ƙarshen darasi ta samu gurbi a tsarin koyar da karatu na firamaren gwamnati a Jihar Jigawa. Da can malami kan rubuta haruffa a allo, yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa a watse. Yanzu tsarin darasi kan ware mintunan ƙarshe don a gwada abin da ya zauna.

Sauyin ya samo asali ne daga shirye-shiryen horar da malamai. ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017, ya haɗa kai da hukumar ilimin firamare ta jiha (SUBEB) wajen raba wa malamai rubutattun tsare-tsaren darasi, sannan shirin PLANE ya biyo baya a Jigawa da Kano da Kaduna. Dalili na biyu shi ne binciken masana. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa sabon abin da aka koya yana saurin zubewa in ba a waiwaye shi ba. A 2006 kuma Roediger da Karpicke a Amurka suka tabbatar da cewa ɗalibin da aka sa ya tuno darasi da kansa ya fi wanda ya sake karantawa kawai riƙewa.

A ƙaramar hukumar Birniwa ta jihar, buƙatar ta fi tsanani. Yara da yawa da Manganci ko Fulatanci suka tashi a gida, sai su tarar da Hausa da Turanci a aji. Da damina ta kankama, ko lokacin girbin gero da riɗi, aji kan rame. A garuruwan da ke gaɓar Kogin Haɗeja kuwa, ambaliyar 2022 ta mai da azuzuwa matsugunin waɗanda ruwa ya kora. Yaron da zuwansa ke yankewa haka, kowane darasi sai an ƙulle masa shi a ranar.

Inda aka yi bitar yadda ya kamata, amfaninta a bayyane yake. Malama ta rubuta "baki" da "baƙi", ta nuna yarinya ɗaya daga bencin baya ta karanta. Nan take za ta san ko ƙugiyar "ƙ" ta zauna, ta kuma san inda za ta faro gobe.

Sai dai a aji mai cunkoso, bitar kan koma amshi. "Kun gane?" Aji ya ɗauka: "Mun gane, Malam!" Masu ƙarfin murya su ja gaba, sauran su bi da motsa leɓe. Illar wannan ta fi ta rashin bitar, domin malami zai tafi da tabbacin ƙarya, yaro kuma ya kai aji huɗu yana rera "ba, be, bi, bo, bu" alhali bai iya haɗa gaɓa biyu ba. Ga kuma malamin da ya makara ko yake riƙe da aji biyu: mintunan bita ne yake fara yankewa.

Makarantar allo ta daɗe da warware wannan. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam shi kaɗai. Boko ba za ta iya sauraron kowane yaro kullum ba, amma za ta iya juya layi: yara biyar yau, wasu biyar gobe, da kalmomin da ba su haddace ba, sauran kuma su rubuta su ɗaga littafi sama. Jami'an da ke zagayen makarantu su daina tsayawa kan duba ko an cike tsarin darasi, su zauna har ƙarshen aji su ji wa ya karanta. Iyaye ma, ta kwamitin kula da makaranta (SBMC), suna da haƙƙin tambayar shugaban makaranta yara nawa ne a aji biyu ke iya karanta jimla ɗaya ba tare da an ja musu baki ba.