Amsar Wasiƙunku: Gidan Yari Ko Gidan Gyaran Hali?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi. Ya ce bara wani yaro ya fasa masa rumfa ya kwashe buhun gero biyu, aka ɗaure shi wata shida. Da ya fito, sai ga shi ya koma fasa shaguna da dare. Shi ne yake tambaya: "Malam, me ya sa aka daina cewa gidan yari, ake cewa gidan gyaran hali? Wannan ba lallashin ɓarayi ba ne?"

To Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Tambayarka tana da nauyi, sai mu ɗauko ta daga tushe.

Yari dai sarauta ce ta mai tsaron kurkukun sarki, daga nan aka samo sunan gidan yari. Gidajen yarin En'e sun koma hannun gwamnatin tarayya a 1968. A watan Agusta na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali ta Nijeriya. Dokar ta raba aikin gida biyu. Na farko, tsare mai laifi tare da koya masa karatu da sana'a. Na biyu, hukuncin da ba sai an kulle mutum ba, kamar a sa shi aikin al'umma, sharar kasuwa ko yashe magudanar ruwa, jami'i yana sa masa ido, ko a zaunar da shi da wanda ya cuta a yi sulhu.

Me ya kawo wannan tunani? Alhaji, kai da kanka ka ba da amsa a wasiƙarka. Yaro ya shiga yana ɓarawon gero, ya fito yana fasa shago. Wa ya koya masa? Wata shida ya yi yana kwana ɗaki ɗaya da waɗanda suka fi shi sanin hanya, ba aikin fari ba na baƙi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu tuna kuma, mafi yawan waɗanda ke ciki wata rana za su fito, kuma garinmu za su dawo. Saboda haka abin da mutum ya koyo a can, a kanmu zai sauke shi, ko alheri ko sharri.

Kada a ɗauka kowane mai laifi za a sallama da tsintsiya a hannu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta hana a ba da aikin al'umma ga wanda ya yi laifi da makami, ko laifin fyaɗe da makamantansa, ko laifin da hukuncinsa ya wuce shekara 3. Ke nan ɗan fashi da mai garkuwa da mutane ba sa ciki. Wannan doka ta kuma ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Ka duba fa Alhaji: an ɗaure yaron, amma geronka ya dawo? Da an sa shi ya yi aiki ya biya ka, da kai ma ka rage asara.

A ciki kuwa akwai wuraren koyon kafinta, ɗinki, walda da gyaran takalma. Akwai gonakin hukumar, irin na Kujama a Jihar Kaduna da Lakushi a Jihar Filato. Akwai gidan horon matasa a Kaduna, da Ilori, da Abekuta. Wasu fursunoni suna zana jarrabawar gama sakandare, wasu har digiri suke yi a jami'ar karatu daga gida, wato NOUN.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, canza suna ba shi ne canza hali ba. Babbar matsala ita ce cunkoso. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, kotu ba ta ce sun yi laifi ba tukuna. Wasu kuma tara ce ta gagare su. A watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da sakin mutum 4,068 bayan an tara Naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. Ɗakin da aka gina don mutum kaɗan in aka cika shi maƙil, ina malami zai tsaya ya koyar da sana'a? A 2023 ɗin kuma aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami damar kafa nasu gidajen, don haka kuna da ikon tambayar 'yan majalisarku me suke yi a kai.

Ga shawara. In kana da ɗan'uwa a tsare kuma ba ka da kuɗin lauya, nemi ofishin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, don talaka aka yi ta. Ka riƙe lambar ƙara da sunan kotu, ka riƙa halartar zama. Babban jojin jiha kan zagaya gidajen, yana da ikon sallamar wanda aka tsare fiye da ƙima.

In kuma mutum ya gama wa'adinsa ya dawo, sauran aiki namu ne. Wanda ya koyo ɗinki, in ba mai ba shi ɗinki, ba mai ba shi aron gona, kowa na nuna shi da baki, ina zai nufa in ba wajen tsofaffin abokansa ba? A sa masa ido, i, amma a ba shi abin yi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Alhaji, da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.