Yadda Falke Zai Zaɓi Kamshaf Don A-Kori-Kurarsa Ta Yi Ƙarfin Ja

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023, motocin jama'a da yawa suka salwanta, waɗansu kuma aka bar su a ajiye rana na dukansu har shekara biyu. Bayan da sojan gwamnati suka karɓe birnin a watan Maris 2025, mutane suka fara komowa Khartum da Omdurman, kowa na ƙoƙarin tayar da abin da ya samu. Falke kuwa ba ya rabuwa da a-kori-kura, wadda mutanen Sudan ke ce wa "boksi". Ita ke kai wa shanu ruwa da dusa da tunkuza da kanwa, ita ke bin makiyaya cikin daji. To, idan bakanike ya buɗe inji ya ce maka kamshaf ya ci, wane iri za ka saya? Abin da za mu yi bayani ke nan a wannan fitowa.

Da farko mu san abin da ake magana a kai. Kamshaf wani dogon sandan ƙarfe ne mai ƙusoshi kamar ƙwai, a kanti ka ce "amud al-kamat" za su gane. Aikinsa buɗe bawul da rufe shi. Kowace silinda tana da bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi, kuma ƙusoshin nan su ke tura su. Duk juyi biyu da kiranshaf ya yi, kamshaf juyi ɗaya yake yi. Wato dai shi ke tsara numfashin inji: yaushe zai shaƙa, yaushe zai fesar, da tsawon lokacin da bakin zai kasance a buɗe.

Sai kuma bambancin ƙarfin ja da ƙarfin gudu. Mu da muka san dabba wannan ba zai yi mana wuya ba. Dokin sukuwa ya fi bijimin huɗa gudu, amma ɗaura masa amalanke cike da taki ka gani. Motar falke bijimi ce. Duro guda na ruwa mai lita 200 nauyinsa kilo 200 ne ban da duron kansa, biyar sun kai tan guda ke nan, kusan iyakar abin da Hilux ke ɗauka. Da wannan lodi za ka tashi daga tsaye, ka ratsa rairayin yammacin Omdurman wajen Muwailih, inda babbar karar dabbobi ta yi suna tun kafin yaƙi, ko ka sauka daga kwaltar Bara ka shiga tudun yashin Kurdufan. A irin wannan wuri inji na juyawa tsakanin 1,500 da 2,500 a minti, kuma a nan ake son ƙarfinsa ya taru. Masu ƙera Toyota sun san haka. Injin gas 3L mai lita 2.8 yana kai ƙarshen ƙarfin jansa a wajen juyi 2,400, shi kuwa 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, wanda aka fara sa wa Land Cruiser a 1990, a wajen 2,200.

Abu uku ke bambanta kamshaf da ɗan uwansa.

Na ɗaya, daɗewar bawul a buɗe. Ana auna ta da digiri na juyin kiranshaf. Bawul ɗin iska ba ya rufewa daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa, sai fistin ya ɗan fara hawowa. Idan inji na gudu sosai, iska na shigowa da ƙarfi, jinkirin rufewar sai ya ƙara cika silinda. Amma idan inji na tafiya a hankali, fistin sai ya maido da iskar waje ta inda ta shigo, matsi ya ragu, mota ta yi sanyi. Saboda haka kamshaf mai gajeren lokaci, mai rufe bawul da wuri, shi ne na ja. Masu sayar da kamshaf na musamman, galibi na Amurka, suna rubuta awon a inci 0.050. Ga injin fetur na motar lodi, daga digiri 200 zuwa 215 ya wadatar. In ka ga 230 ko fiye, na masu tsere ne, ka bar musu kayansu.

Na biyu, zurfin buɗewa, wato nisan da ƙusa ke tura bawul. Ƙarin zurfi kaɗan na taimaka wa injin fetur, muddin sifirin bawul zai iya ɗauka. A injin gas kuwa a yi hattara. Matsin 3L da 1HZ ya kai wajen 22 bisa 1, saboda haka tazarar da ke tsakanin kan fistin da bawul 'yar kaɗan ce. Ka ƙara zurfi, fistin ya daki bawul, an gama da kan inji.

Na uku, haɗuwar bawul biyu, wato ɗan lokacin da na hayaƙi bai gama rufewa ba na iska ya fara buɗewa. Idan lokacin nan ya yi yawa, inji ba ya zama lafiya a tsaye, sai ya riƙa gurnani yana karkarwa. Samari na son wannan ƙara, suna cewa mota ta yi ƙarfi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ga kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: a motar fetur, abin da ke sauƙaƙa taka birki zuƙar iskar inji yake amfani da ita, kuma babban kamshaf na rage wannan zuƙa. Ka zo gangara da lodi ka ji birki ya yi tauri kamar dutse. Tazarar ƙusoshi ta digiri 112 zuwa 114 ita ke ba da zama lafiya.

Wani abokin fataucinmu da ke zirga-zirga tsakanin Omdurman da kan iyakar Cadi ya taɓa faɗawa wannan rami da Hilux ɗinsa mai injin fetur 22R. Aka yi masa daɗin baki, ya sa kamshaf da aka ce "na ƙarfi" ne. A kan kwalta mota ta yi ta tashi kamar tsuntsu. Ranar da ya loda ruwa zai kai wa garke, sai ta ƙi tashi a yashi sai ya cika totur yana wasa da kuloci. Kafin wata biyu kuloci ya ƙone, shan mai ya ƙaru, rannan kuma shanu suka kwana ba su sha ba. Dabbar da ta kwana da ƙishi a zafin watan Mayu, kowa ya san abin da za ta zubar na nama kafin a kai ta kara.

To mene ne abin yi? Ga shawara a taƙaice.

In injinka na gas ne, 2L ko 3L ko 5L ko 1HZ, sa masa irin kamshaf ɗin da ya fito da shi daga kamfani, kada ka ƙara kada ka rage. Duba lambar inji a jikinsa, ka tafi da tsohon kamshaf kanti a jera su. Ko a cikin 2L akwai tsohon yayi mai hannun tura bawul da sabon yayi marar shi, kuma na wannan ba ya shiga wancan.

In na fetur ne tsoho kamar 22R, nan ma na asali ya fi, don dama don lodi aka yi shi. Sababbin Hilux masu injin 2TR mai lita 2.7, da aka fara a 2004, suna da na'urar VVT-i da ke gusar da kamshaf gaba ko baya da kanta ta hanyar matsin baƙin mai. Wannan ba ya bukatar canji, baƙin mai mai tsabta kawai yake so.

In na hannu za ka saya, sa bakanike ya auna tsayin kowace ƙusa da ma'auni, kada a tsaya ga duban ido. Ka shafa da farce: in akwai zane ko rami ko tsatsa, ajiye shi. Araha ba ta ado. Kada kuma a haɗa sabon kamshaf da tsofaffin hannuwan da suka ci, tare ake canja su. A shafa mai a ƙusoshi kafin a ɗaura, a daidaita tazarar bawul. Ta 22R milimita 0.20 ce a na iska, 0.30 a na hayaƙi, inji na da zafi.

Kada a manta da bel ɗin tayimin. Injunan L da 1HZ bel ke juya musu kamshaf, ana canja shi a kilomita 100,000, amma roba na tsufa ko ba a yi tafiya ba. Motar da ta shekara biyu a ajiye a zafin Khartum, canja bel kafin ka tayar da ita. In ya tsinke inji na aiki, fistin da bawul za su yi karo. A kuma tabbatar alamomin tayimin sun hau daidai, don haƙori ɗaya in ya goce, ƙarfin ja ya tafi.

Daga ƙarshe, ba kowane sanyin mota ne laifin kamshaf ba. Kafin ka fidda kuɗi, a duba matatar iska, wadda guguwar habub ɗaya ta isa ta toshe, a duba nozul da famfon gas, a auna matsin silinda. Manyan tayoyin da suka wuce na asali su ma suna rage ja. Sau da yawa gyaran da bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba shi ke dawo da mota hayyacinta.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.