Yadda kisan Stephen Lawrence ya sauya hukumomin Birtaniya

Daren 22 ga Afrilu, 1993, Stephen Lawrence, matashi baƙar fata ɗan shekara 18, yana jiran bas a unguwar Eltham da ke Landan sai wasu samari farar fata suka daɓa masa wuƙa har lahira. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi.

Iyayensa, Doreen da Neville, suka ƙi yin shiru, jama'a kuma suka mara musu baya. A 1999 kwamitin alƙali William Macpherson da ya binciki lamarin ya gano cewa wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin rundunar 'yan sandan kanta. Nan ne gizo ke saƙar, domin korar mutum ɗaya ba ta gyara tsarin da ya rene shi. Rahoton kwamitin ya ba da shawarwari 70, ciki har da sake horar da 'yan sanda da gyara manhajar makarantu. A 2000 doka ta wajabta wa hukumomin gwamnati tabbatar da daidaito.

Sai a 2012, abin takaici, aka hukunta mutum biyu kan kisan. Stephen ya so ya zama mai zanen gine-gine. Gidauniyar da aka kafa da sunansa a 1998 ta tallafa wa matasa masu wannan burin.