In Hadari Ya Tare Ku A Wurin Wasa

  

Maganarmu ta yau a kan kai yara wurin wasa ce da damina. Kun san dai shekarun nan Babbar Sallah ta yi ta faɗowa cikin ruwa. A 2019 an yi ta ran 11 ga Agusta, tsakiyar marka ke nan, a 2021 ran 20 ga Yuli, a 2023 kuwa ran 28 ga Yuni. Haka nan kuma zangon ƙarshe na makaranta, sa'ad da malamai kan kai yara yawon buɗe ido, kullum cikin damina yake. Mu kuwa nan Ɗansoshiya da kewaye, daga Ƙiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, ruwanmu ya fi na birnin Kano yawa, yakan kuma riga shi sauka.

In yaranmu sun tara kuɗin barka da Sallah, wasu sai su ce a kai su bakin dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Wasu su ce sai Kano, Gidan Zu, ko wuraren nan masu lilo na ƙarfe da ke ɗaga mutum sama ya hango gari. Duk inda aka je dai fili ne, ga itatuwa, ga ƙarafa, ga ruwa. To, in hadari ya haɗo, ruwa ya ɓarke ya ƙi ɗaukewa, me za a yi?

Ni ma abin ya taɓa tare ni. Shekarar da na fara koyarwa, mun kai 'yan aji shida wani wurin wasa a Kano. Kowace yarinya ta yi makonni tana tara kuɗin tikiti. Wajen la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Wata yarinya tana gab da hawa babban lilo na janye ta daga layi, ta yi ta kuka tana cewa, "Malama, na fa biya!" Muka shige wani ɗakin taro, muka yi awa biyu a ciki. Da muka fito, sai ga reshen darbejiyar da muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta ɗazu ya karye, yana kwance daidai inda muka ci abinci. Daga ranar na gane abin da ke cutar mutane a irin wannan wuri, watau ƙyashin kuɗin da aka riga aka biya. Tikiti ana sake sayensa. Ɗa fa?

KAFIN A FITA

Uwa, ko ba ke za ki je ba, shirin naki ne. Sau da yawa babbar yaya ko ƙanwar uwa ake haɗawa da yara. Ki ƙidaya mata su a gabanta, ki kuma gaya wa ƙannen, kowa na ji, cewa in ta ce a tashi, an tashi ke nan, babu gardama. Ki rubuta lambar wayar maigida a takarda, ki sa wa kowane ƙaramin yaro a aljihu. A jaka a sa zane na biyu da rigar sanyi cikin leda, da tocila, da 'yar tabarma, da abincin da ba ya saurin lalacewa, kamar gurasa, dafaffen ƙwai, gyaɗa ko dambu. A fita da sassafe, domin hadarinmu ya fi haɗowa daga la'asar zuwa dare.

Ke kuma yaya, da isarku, kafin kowa ya hau kome, ki duba ki ga ina ne gini mai bango da rufi sosai. Ki nuna wa yara, ki ce, "In mun rabu, can za mu haɗu."

IN HADARI YA HAƊO

Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa. Iska mai sanyi da ƙura su ke fara isowa, sa'an nan ruwa. Kada ki jira ɗigon farko, domin aradu takan faɗi nesa da inda ake ruwa. Da jin tsawa, a sauka daga lilo, a fito daga ruwa, kwalekwale kuwa ya koma gaɓa.

Ga wani lissafi mai sauƙi. Haske ya fi ƙara gudu, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Ƙara tana cin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. In kin ga walƙiya, sai ki fara ƙirga a hankali, ɗaya, biyu, uku, har ki ji tsawa, kāna ki raba da 3. In kin kai 9, kilomita 3 ke nan tsakaninku. In ba ki kai 30 ba, watau ƙasa da kilomita 10, to, lalle kuna inda za ta iya riskarku.

Ina za a fake? Cikin gini mai bango huɗu, ko cikin mota mai rufin ƙarfe a ɗaga gilasai, kada kowa ya taɓa ƙarfen jikinta. Jikin motar ne ke kewayar da wutar zuwa ƙasa, ba taya ke tsare mutum ba. Saboda haka babur da adaidaita-sahu ba mafaka ba ne. Rumfar mai shayi ko ta mai tsire tana tare ruwa, amma ba ta tare aradu. Mafi muni duka shi ne gindin itace, tun ba wanda ke tsaye shi kaɗai a fili ba. Aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo, sa'an nan wutar ta bi ƙasa ta kama na kusa. Ta haka ne takan kashe shanu da yawa lokaci guda in sun taru gindin itace, makiyayan dajin Ɗansoshiya da na Falgore sun san wannan sarai.

Kada ki ji kunyar janye yara don wasu na ci gaba da wasa. A Filorida ta ƙasar Amurka akwai wani ƙaton wurin wasa, Disney World, da aka buɗe a 1971. Duk da ɗimbin kuɗin da mutane ke biya, da zarar walƙiya ta matso sai a tsai da wasannin da ke fili, kowa ya jira.

ABIN YI CIKIN ƊAKI

To, an shiga. Da farko ki sake ƙidaya yara. A zauna tsakiyar ɗaki, nesa da ƙofa da taga da ginshiƙin ƙarfe. Kada a sa waya caji, kada kuma a taɓa famfo. Wayar da ba ta jone da wuta ba ta jawo aradu, sai ki kira gida ki ce kuna lafiya, don hankalin uwa ya kwanta, kāna ki ajiye ta saboda batir. Wanda ya jiƙe a sauya masa kaya nan da nan, a kuma ba kowa abinci. Yaro mai yunwa da sanyi ba ya jin rarrashi.

Sa'an nan sai a buɗe jakar kakanninmu, wadda ba ta bukatar tikiti ko janareta. A raba yara gida biyu a yi kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba da gari. Ki fara musu da mai sauƙi, kamar shanun nan dubu masu maɗauri ɗaya, watau tsintsiya. 'Yan mata su yi carafke, in babu tsakuwa a yi da ƙwallon dabino ko gyaɗa. A yi tafa-tafa a zaune. A yi gasar karya harshe, ko a zaɓi baƙi ɗaya, a ce "K", kowa ya kawo sunan gari da na abinci da na dabba da suka fara da shi. Na san an ce ba a tatsuniya da rana, amma ran da hadari ya rufe gari, ai Gizo ma ba zai gane rana ba ce! Wadda ta iya kitso ta gyara wa ƙanwarta kai. In lokacin salla ya yi, a yi ta a ciki.

Mai tsoron tsawa kuwa, kada a yi masa dariya. Ki ɗora shi a cinya, ki ba shi aikin ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa. A ranar da na ba ku labari, yarinyar nan mai kuka ita na ba wannan aiki. Ta fara da 6, can ta ce 12, can 21. Da kanta ta miƙe ta yi shela, "Malama, yana tafiya!" Har ƙarshen zango, in an yi zancen fitar nan, labarin ɗakin taro suke yi, ba na lilo ba.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Allah ya kiyaye, amma dole mu faɗa. Akwai masu cewa wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono. 'Yan'uwa, wannan magana ba ta da tushe, kuma jiran nonon yana iya cin rai. Wutar ba ta zama a jikin mutum, wanda ya taɓa shi ba abin da zai same shi. Yawancin waɗanda ta taɓa suna rayuwa in an yi hanzari. A ɗauke shi zuwa mafaka, a duba numfashi. In ba ya yi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota zuwa asibiti mafi kusa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi likita ya duba.

IN RUWA YA ƊAUKE

Nan ne haƙuri ke ƙarewa, nan ne kuma ake yin kuskure. Daga tsawar ƙarshe sai a ƙirga minti 30 cif kafin a fita. In an sake jin wata, a soma ƙirga daga fari. Da an fito, a kula da wayar lantarki da iska ta tsinka, kada yaro ya taka ruwan da ke kusa da ita. Jiƙaƙƙen ƙarfe yana da santsi, kada a hau kome sai masu wurin sun duba.

Sauran hanyar gida. Kogin Kano ta dajin Falgore yake biyowa kafin ya zuba a Tiga, rafuffukanmu kuma sukan kawo ruwa ko da ba a yi ɗigo a inda kike ba. Ruwa mai gudu, in ya kai gwiwa, yana ka da babban mutum, balle yaro. In direba ya ce zai ratsa, ki sauke yaranki. In dare ya yi, gara a kwana gidan dangi a Kano ko Kwanar Ɗangora, a aika gida da labari. Iyaye, in 'yarku ta yi haka, yabo ya kamace ta, ba faɗa ba.

Lilo yana nan, ba ya gudu, wata Sallar ma a hau. Abin da ake so dai shi ne yadda aka ƙidaya yara da safe, a ƙidaya su da dare su cika. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.