Damagaram: jihar da ta fi kowace kujeru a majalisa, da yadda ƙuri'unta suka bi mutum ɗaya

Matashin da aka haifa a Birni ko Zango bayan shekarar 2000 bai ga zamanin da jam'iyyar CDS-Rahama ke cika gari da jama'a ba. Amma a wajen iyayensa, da wuya a yi hirar siyasar Damagaram ba a ambaci Mahaman Usman ba.

A majalisar dokoki ta ƙarshe da aka zaɓa, mai kujeru 171, jihar Damagaram na da kujeru 32, gaba da Maraɗi mai 31 da Tawa mai 30. Ana raba su ne tsakanin jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu a faɗin jihar, daga Magarya da Matamaye a kudu zuwa Tanut da Gure. Ban da su akwai kujera ɗaya ta mazaɓar musamman ta Tasker, ɗaya daga cikin takwas da aka ware wa ƙananan al'ummomi, inda wanda ya fi ƙuri'a ke ɗauke kujerar.

Ƙarfin jihar ya fara bayyana a 1993. A zaɓen ƴan majalisa na shekarar, CDS ta samu kujeru 22 cikin 83 na ƙasa baki ɗaya, kuma Damagaram ce cibiyarta. A watan Maris, Mahaman Usman ya kayar da Tanja Mamadu na MNSD-Nasara a zagaye na biyu, da goyon bayan ƙawancen AFC. Ga garin da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke wa babban birni zuwa Yamai a 1926, wannan nasara ta wuce ta jam'iyya kawai.

Mulkin bai daɗe ba. Ƙawancen ya watse, zaɓen 1995 ya ba ƴan adawa rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista. Takun-saƙar shugaban ƙasa da firaministan ta ƙare da juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara ranar 27 ga Janairun 1996.

Duk da haka CDS ba ta mutu ba. Ta samu kujeru 17 a 1999, da 22 cikin 113 a 2004. Da waɗannan kujeru ta zama mai raba gardama: ta mara wa Tanja baya, Mahaman Usman kuma ya shugabanci majalisa kusan shekaru goma, har Tanja ya rusa ta a Mayun 2009 lokacin rikicin tazarce.

Faɗuwar ta zo a 2011, inda CDS ta tsira da kujeru 3 kacal. Rikici ya ɓarke tsakanin Mahaman Usman da Abdu Labo kan wanda za a goya wa baya a zagaye na biyu, daga baya ragamar jam'iyyar ta koma hannun Labo. Magoya baya da dama suka bar tutar suka bi mutumin: zuwa MNRD-Hankuri a 2016, sannan RDR-Canji a 2020, wadda ta samu kujeru 7, yayin da PNDS-Tarayya ta kwashe 79.

A can gefe, ƴar kujerar Tasker na rubuta nata tarihin. Daga nan Bazum Mohamed ya fara shiga majalisa a 1993 a ƙarƙashin PNDS. Shi ya sa zagaye na biyu na ranar 21 ga Fabrairun 2021 ya zama tamkar karawar cikin gida: ƴan takarar biyu duk a jihar Damagaram siyasarsu ta yi saiwa. Sakamakon hukuma ya ba Bazum kashi 55.66 cikin ɗari, Mahaman Usman 44.34, sakamakon da shi bai amince da shi ba.

Tarihin ya nuna cewa yawan kujeru kaɗai ba ya ba jiha murya. Lokacin da ƙuri'un Damagaram suka taru wuri ɗaya, babu mai kafa rinjaye bai lissafa da ita ba. Da suka warwatsu, sai ta zama filin da kowace jam'iyya ke zuwa kiwo.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma a Maris 2025 an rusa jam'iyyun siyasa. Duk ranar da aka sake kafa rumfunan zaɓe, da yawa daga cikin masu layi ba su san 1993 ba sai a bakin iyaye. Ko za su sake bin mutum, ko za su tambayi abin da kujeru 32 suka kawo wa Damagaram, musamman kan ƙarancin ruwan sha da ya daɗe yana addabar birnin, su ne za su yanke.