Ba Girin-Girin Ba: Kafin Ka Canza Salansa

Duk wanda ya taɓa raka amarya a Jahun, ko Aujara, ko Harbo, ya san ƙarar nan. Samari sun jero babura, an huda salansa ko an zare cikinta, ana murɗa totur har awaki na tsinke igiya. A Kano da Abuja kuwa 'ya'yan masu hali ne ke yin irin wannan da motocin tsere, sai dai su kuɗi suke zubawa su sayo salansar musamman daga waje. Da mai Boxer da mai Marsandi, abu ɗaya suka yi imani da shi: in ƙara ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. A nan ake yawan tafka asara.

Injin numfashi yake yi. Yana zuƙar iska da fetur, ya ƙone su, ya fesar da hayaƙi. Hayaƙin ba a jere yake fita kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fitowa, kowane bugu da zafinsa da ƙararsa. A mota yana fara bi ta bakin da ke manne da injin, ya ratsa tukunyar tace hayaƙi wadda makanikai ke kira indomi, ya bi dogon bututu, sannan ya shiga tukunyar baya mai kashe ƙara. Masu ƙera mota ba da ka suke zaɓar faɗi da tsawon bututun nan ba. In an auna shi daidai, kowane bugun hayaƙi yana barin ɗan gurbi a bayansa wanda ke janyo na biye da shi, kamar yadda tiyon ban ruwa ke ci gaba da zuƙo ruwa da zarar ya kama. Ka sa bututu mai faɗin da ya wuce kima, hayaƙin ya rage gudu, wannan janyowa ta ɓace. Motar za ta yi ruri, amma a tashi daga tsaye ko a cikin yashi za ka ji ta yi sanyi. Mu kuwa a nan ƙarfin tashi muke buƙata, don hanyar gona da ta kasuwar Gujungu ba filin tsere ba ne.

Ba ana nufin salansar kasuwa duk ƙarya ba ce. Akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Akrapovič na ƙasar Sulobeniya, da Yoshimura na Japan, da Borla da MagnaFlow na Amurka. Suna sayar da kayansu kashi-kashi. Akwai wanda tukunyar baya kawai ake canzawa, wannan murya da ado ne kurum. Akwai wanda ake canza komai daga bayan indomi zuwa ƙarshe, shi ne aka fi saye, yana rage nauyi, yana ƙara ɗan ƙarfi kaɗan wanda da wuya direba ya ji shi a ƙafarsa in injin ba mai turbo ba ne. Sai na uku, wanda ake canzawa tun daga bakin injin. Shi ne ke kawo bambanci na gaske, amma sai an sake saita kwamfutar motar, in ba haka ba fitilar injin ta kama, shan mai ya rikice. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ban ga mai hankalin da zai yi wasa da shan mai ba.

A babur abin ya fi sauƙin gani. Boxer mai 100cc ƙarfinsa bai wuce na doki takwas da ɗoriya ba, babu wata taska da ke ɓoye a cikin salansarsa. In ka zare cikinta ba ka taɓa kafireto ba, iska ta rinjayi fetur, injin ya riƙa zafi fiye da kima, filogi ya yi fari fat, a hankali bawul ya ƙone. Ɗan acaɓan da ya biya mai walda don ya ji daɗin ranar biki guda, shi ne zai koma wurin bakanike bayan 'yan watanni a sauke masa kan injin.

Maganar indomi kuwa tana buƙatar a tsaya. Sunan ya samo asali ne daga cikinta, wanda ke da ƙananan ramuka birjik kamar taliyar da ba a dafa ba. Wani injiniya Bafaranshe, Eugene Houdry, shi ya fara ƙirƙiro ta, kuma daga 1975 ta zama ruwan dare a motocin Amurka. An shafe ramukan da ƙarafa masu daraja guda uku, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke juya gubar hayaƙi ta koma mai sauƙin illa. A 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya haura dala 25,000, lokacin da zinare bai kai dala 2,000 ba. To ka ga dalilin da ya sa wani bakaniken zai ce maka indominka ta toshe, a cire a sa bututu miƙaƙƙe mota ta sha iska. Tana toshewa da gaske wani lokacin, ba musu. Amma ka tambayi kanka ina za a kai wadda aka cire, kuma wa zai karɓi kuɗinta. Mai sayen mota 'yar Kwatano ma ya leƙa ƙasa kafin ya biya, don da yawa an riga an kwashe cikin tun a hanya, an liƙe fatar da walda.

Abin da mujallun Turai ba za su faɗa maka ba shi ne ruwa. Ƙasarmu ta kwarin kogin Haɗeja ce. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda hanya kan koma tafki, kuma ko a damina mai sauƙi sai ka ratsa kududdufi. Salansa tana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa a jikin mota. Ƙarfe mai zafi ya afka ruwan sanyi, laka ta manne, tsatsa ta fara daga wurin walda. Baƙin ƙarfen da ake lanƙwasawa a bakin titi araha gare shi, amma araha ba ta ado, damina biyu zuwa uku ya zama rariya. Ƙarfen da ba ya tsatsa iri biyu ne a wannan harka, mai lamba 409 da mai lamba 304. Na biyun ya fi tsada kuma ya fi juriya. In ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: yana kama 409 sosai, amma 304 da ƙyar yake kama shi. Titaniyam ya fi su rashin nauyi, sai dai in ya tsage ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba, balle a Jahun. Ka kuma duba yadda tukunyar ta zauna. Yawancin salansar tsere don titin da ya miƙe sumul aka yi su, kan wata gada ko tudun rage gudu sai ka ji ƙarau.

Walda marar kyau tana da wani haɗarin da ya wuce asarar kuɗi. Hayaƙin injin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareto a cikin gida. Salansar da ke yoyo a ƙarƙashin kujera, gilashi a rufe saboda hazon hunturu, direba ya fara jin ciwon kai da barci ya ɗauka gajiya ce.

Sai kunne. Masana lafiya sun sa iyakar ƙara a wurin aiki a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin uku yana ninka ƙarfin sautin. Babur marar salansa yana wuce wannan nesa ba kusa ba, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009, jami'an kiyaye haɗurra ma suna iya tsayar da kai. Ni dai ba tarar ce ta fi damuna ba. Babban asibitin Jahun cike yake da masu jego da matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari, waɗanda aka kawo daga garuruwa masu nisa, kuma samarin da ke zuga babur da tsakar dare ta gefensa suke wucewa.

In duk da haka ranka na son sabuwar murya, nemi wadda aka ƙera wa ainihin samfurin motarka, mai ɗauri da kusoshi ba walda ba, kuma a bar indomi a mazauninta. Kada ka yanke hukunci da rurin da ka ji a gareji. Hau titin Kiyawa zuwa Dutse, ka riƙe gudun kilomita 80 zuwa 100 na minti goma gilashi a rufe, don wasu salansar a wannan gudun suke yin wani gunji da ke cika cikin mota har kai ya sara. Tsohuwar salansar kuma a saka maka ita a but ka kai gida, ranar sayar da motar mai saye ita zai fara tambaya.